Dala ashirin ɗin da ta kunyata ni a Lexington

Salam jama'a. Masu ta damuna wai in turo hoton dogayen benayen Amurka, don Allah ku yi haƙuri, ni inda nake abin da ya fi komai tsawo rumbun masara ne sai tankin ruwa. Sunan garin Lexington, a jihar Nebraska, mutanensa dubu 10 ne da ɗan ɗoriya, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Dawson, su kawunti suke cewa. Daga nan zuwa Omaha sai ka yi awa uku da wani abu kana gudu a babban titin I-80, hagu masara dama masara, sai garken shanu na turka wanda in ka gani za ka rantse kasuwar Wudil aka kwaso gaba ɗaya aka zuba a fili guda. Warin kashin shanun nan in iska ta juyo har cikin ɗaki yake shiga, da na yi ƙorafi wani tsoho ya ce min ai ƙamshin kuɗi ke nan. Toh.

Abin da ya sa na ɗauko waya yau shi ne wata kunya da na sha, har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sayi wata tsohuwar Corolla a hannun wani ɗan Colorado, domin nan in ba ka da mota ka zama gurgu, babu adaidaita babu ɗan acaɓa babu motar haya, ƙafarka ce kawai da sanyi. Doka ta ba ka kwana 30 ka yi rajista. Ni kuma ɗan gida, na san me ake nufi da shiga ofishin gwamnati, sai na ɗauki hutun yini guda cur a wurin aiki, na zuba takardu a leda, na yi guzurin ruwa da biskit, na kuma ware dala 20 a aljihun gaba saboda ko ta kwana. Ginin da ake zuwa kotu suke ce masa amma ba shari'a kaɗai ake yi ba, nan ake biyan harajin gida da gona, nan ake lambar mota, nan ake takardar aure, tsohon gini ne ya haura shekara 100 amma ko yanar gizo-gizo ba ka gani a lungu. Tunda motar daga wata jiha ta zo sai da ɗan sandan kawunti ya duba lambar jikinta, dala 10, ya ba ni rasit. Na wuce ofishin ma'aji, wata dattijuwa mai tabarau ta karɓi takardun, ta yi ta danne-danne, ta faɗi kuɗi na biya, kawai sai ga lambata ta miƙo min sabuwa fil, da 18 a farkonta, wato lambar Dawson ke nan, duk inda ka shiga a jihar an san daga ina ka fito. Na duba agogo, wallahi minti ashirin bai cika ba. Ba wanda ya ce oga bai shigo ba, ba wanda ya ce fom ya ƙare sai dai in a nemo maka.

Daɗi ya kama ni, kafin in ankara hannuna ya riga ya zaro dala ashirin ɗin nan ya tura ƙarƙashin rasit, irin yadda muka saba, ga wannan a sha ruwa. Na juya zan fita sai na ji ta ɗaga murya, malam ka manta kuɗinka. Maimakon in karɓa in yi shiru in tafi, sai baki ya kai ni, na ce a'a naki ne. Fuskar matar nan ta canza nan take. Ta ce ba a yin haka a nan, an riga an biya ni albashi, ta ture kuɗin da bakin biro kamar wani abin ƙazanta. Akwai manoma biyu a bayana da hulunansu, ɗaya ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Na kwashe kuɗina gumi na keto min alhali a waje ƙanƙara ce. Da na ba wani dattijo ɗan Somaliya labari bayan sallar Juma'a sai ya riƙe baki, ya ce ɗana ka gode Allah ta gane rashin sani ne, wannan ai sunansa cin hanci.

Kuma abin haushin ƙaramin gari, ba inda za ka ɓuya. Ran Asabar na shiga kanti sayen shinkafa sai ga ta tana tura kekenta, ta gaishe ni da sunana, har da tambayar ya motar. Na amsa ina kallon takalmina.

Tun ranar nake tunanin takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma da na nema a gida kafin in taho, sati uku ina zarya, na ba masinja na goro, na ba mai hatimi na mai, ƙarshe sai da kawuna ya kira wani da ya san wani. Lokacin zagin ma'aikata na yi ta yi. Amma a Lexington wa ya tambaye ni? Ba wanda ya ce min komai, hannuna ne ya tafi da kansa. Mu ma fa muna da namu, mun saba har in ba mu bayar ba sai mu ga kamar mun yi rashin kunya. Su a nan ma'aji da shugaban 'yan sandan kawunti duk zaɓensu ake yi, kuma maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a gidan mai.

Kar ku ɗauka aljanna ce fa. Harajin motar kaɗai sai da na ji a jikina, ga kashi 5.5 na jiha a kan kuɗin saye, ga na shekara-shekara. Bakanike kuɗin awa yake caji kuma sai ka kira an ba ka rana, ina ma Malam mai garejin unguwarmu da zai shiga ƙarƙashin mota nan take ka ce sai wata ya yi. Aski ma sai da na sayi injina. Ƙarfe takwas na dare gari ya mutu murus, ba mai shayi ba mai tsire ba majalisa, sai kukan jirgin ƙasa na Union Pacific da ke ratsa gari dare da rana. Gaisuwarsu ɗaga yatsa ɗaya a kan sitiyari, shi ke nan an gama, ba ina gajiya ba ya iyali. Wata takwas a gidan nan ba wanda ya taɓa yi min sallama a ƙofa haka kawai. Amma dai ranar da motata ta maƙale a ƙanƙara, wani da ban sani ba ya tsaya da a-kori-kurarsa ya jawo ni ya wuce, wannan karon hannuna na aljihu na danne shi da ƙarfi.

Abinci kuwa Allah ya sa akwai 'yan Meksiko, sun ma yi yawa a garin bayan an buɗe babbar mahautar shanu a 1990. A kantinsu na ga zoɓo, jamaika suke ce masa, ga tsamiya ga attaruhu, garin masararsu ma yana yin tuwo in ka rufe ido. Naman akuya na halal wurin 'yan Somaliya. Kuka da daddawa ne dai ko sama ko ƙasa babu, don haka duk wanda ya san mai tahowa ta Omaha ya yi min magana, ko rabin kwano ne, zan tuƙa awa ukun in je in karɓa.