Makonni takwas a ajin wasan barkwanci na nan take: abin da na gani

Na biya kuɗin ajin nan ne da zaton za a koya mini yadda ake ba mutane dariya. Sai na tarar sauraro ake koyarwa, kuma saboda haka nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Makonni takwas muka yi, sau ɗaya a mako, awa biyu, mu goma sha shida da malama ɗaya. Ga wanda bai sani ba, wasan nan take shi ne a hau dandamali ba rubutu ba hadda: 'yan kallo su jefo kalma ɗaya, 'yan wasa su gina labari a kanta a gaban idonsu.

Ranar farko ko sunan barkwanci ba a ambata ba. Malama ta jera mu biyu-biyu muna fuskantar juna, ɗaya ya motsa hannu, ɗaya ya zama madubinsa, har a kai inda ba a gane wa ke ja wa ke bi. Irin wasannin Viola Spolin ne, wadda ta yi aiki da 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Shikago a Amurka, ta tattara dabarunta a littafi a 1963. Ɗanta Paul Sills na cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Second City a 1959. Na ji daɗi da malama ba ta ɓoye tushen abin da take koyarwa ba.

A mako na uku abin ya shige ni. Abokin wasana ya dafa kafaɗata ya ce, "Kaka, kwalekwalen nan fa yana yoyo!" Ni kuwa na riga na shirya wata magana a raina, sai na ce, "Wane kwalekwale? Ai a mota muke." Nan take wasan ya mutu, ya tsaya yana kallona, hannunsa a sake. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ya ba ka kyauta ka mayar masa. Karɓa ka ƙara." Muka sake. Na durƙusa na ce, "To miƙo takalminka mu kwashe ruwan, jikana." Ɗakin ya barke da dariya, alhali ban nemi dariyar ba, maganarsa kawai na bi. Wannan ƙa'ida ta karɓa ka ƙara ita ce ƙashin bayan sana'ar, kuma ta fi wuya fiye da yadda take a baki, domin dole ka saki dabararka ka kama ta wani.

Darasin matsayi ma ya burge ni, wanda aka ɗauko daga Keith Johnstone, mai littafin Impro na 1979. Ka yi magana kanka bai motsa ba, sai ka ga ka zama babba. Ka riƙa taɓa fuska kana kawar da ido, sai ka koma ƙarami. Kalmomin ba su canja ba, amma labarin ya canja gaba ɗaya.

Inda ajin ya gaza kuwa, yawanmu ne. Mutum goma sha shida sun yi wa awa biyu yawa. Akwai ranar da sau biyu kacal na hau dandamali, kuma masu kunya, waɗanda su suka fi bukatar ajin, su ne ake bari a baya. Sannan ba a koya mana yadda ake rufe wasa ba. A wasan da muka yi wa 'yan kallo ranar ƙarshe, labarai da yawa sun yi ta jan ƙafa har sai da malama ta tafa hannu ta yanke su.

Duk da haka na yi rajistar mataki na biyu. Kafin in biya dai sai da na tambayi adadin ɗalibai, aka ce goma ne.