Kundin Bajinta na Guinness: Sharhi Kan Yadda Suke Tantance Masu Nema

Tun bayan girkin neman kafa tarihin girki mafi tsawon lokaci da Hilda Baci ta yi a Legas a watan Mayun 2023, maganar shiga kundin bajinta na Guinness ta shigo hirar matasa a nan Maraɗi, shi ya sa na ga ya dace a duba hidimar da wannan kamfani mai hedikwata a Landan yake yi, wanda ya fara buga kundinsa a 1955.

Neman kansa ba shi da wuya. Mutum zai buɗe asusu a shafinsu na intanet, ya zaɓi bajintar da yake son zarcewa, kuma idan tana cikin kundin tuntuni ba a biyan ko dala. Sai dai amsa tana iya ɗaukar makonni da dama, duba hujjoji ma haka, in ba mutum ya biya kuɗin gaggawa ko ya ɗauki nauyin zuwan alƙalinsu ba, abin da ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. A nan mai kuɗi ya fi talaka gata, wannan kuwa aibi ne a ganina.

Inda suka cancanci yabo shi ne tsaurin ƙa'idojinsu. Ba sa karɓar abin da ba ya aunuwa, ko wanda wani ba zai iya gwadawa a wata ƙasa bisa sharuɗɗa iri ɗaya ba. Suna neman shaidu biyu masu zaman kansu, waɗanda ba dangi ba ne kuma ba su da hannu a shirin, kuma a aiki mai tsawo dole su riƙa karɓa-karɓa, kada ɗayansu ya wuce awa 4 a zama guda. Ga bidiyon aikin daga farko har ƙarshe, ga hotuna, ga littafin da ake rubuta lokacin kowane hutu. Hutun nan shi ne ramin da yawancin masu nema ke faɗawa: minti 5 ne kacal bayan kowace awa, ko da yake ana iya tarawa. Hilda ta yi awa 100 a gaban murhu, amma awa 93 da minti 11 aka tabbatar mata saboda ta zarce hutunta da wasu mintoci tun a farkon aikin. Failatu Abdul-Razak ta Tamale a Gana kuwa ta yi awa 227 a Janairun 2024, aka ƙi amincewa baki ɗaya kan wannan batu na hutu.

Ga mutanen Maraɗi, samun shaidu ba zai gagara ba, tunda ga likitoci ga malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Wahalar tana wajen bidiyo, domin a watan Afrilu waya kan yi zafi ta mutu a hannun mai ɗauka, wuta kuma na iya ɗaukewa tsakar dare, don haka sai an tanadi kyamara biyu da injin janareta. Wanda ke tunanin yin ƙuliƙuli ko kilishi mafi girma ya sani cewa dole a cinye abincin ko a rabar da shi. Takardar ƙa'idojin kuma a kai ta wurin wanda ya iya Ingilishi sosai ya fassara ta layi-layi kafin a ɗora tukunya.