Kashe hoton kan bod kafin sa sabon kati: ta BIOS ko ta cikin Windows?

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya ɗan'uwanmu ɗalibin zanen gine-gine da ke Samaru ya yi tambaya, na ga masu amsa sun rabu gida biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in jera hanyoyin kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya ce shi ne yana da Dell OptiPlex 7010 ta gwanjo, doguwar, mai furosesa i5-3470. Ya tara kuɗi ya sayo katin hoto GTX 1050 Ti saboda manhajojin zanen gini SketchUp da Revit sun fara yi masa nawa. Sai wani ya ce masa dole ya kashe hoton da ke kan bod, wato babban faranti da duk kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa, kafin ya sa katin. To ta ina zai kashe, ta BIOS ko ta Device Manager a cikin Windows?

Ƙanena, kada ka kashe komai tukuna. Musamman kada ka kashe kafin katin ya shiga. Zan kawo maka dalili, amma ka fara riƙe wannan.

Abin da muke kira hoton kan bod, a kwamfutarka ba ma a kan bod yake ba. Yana cikin furosesar kanta, sunansa Intel HD 2500, ramukan VGA da DisplayPort da kake gani a baya ƙofofin fitarsa ne kawai. Shawarar da aka ba ka kuwa ba ƙarya ba ce, tsufa ta yi. A zamanin Pentium 4 da Windows XP, lokacin da ake cusa kati a ramin AGP ko tsohon PCI, kwamfutoci da yawa ba sa gane an kawo baƙo sai an shiga an gaya musu. Mu da muka fara gyara a wancan lokaci mun sha fama da wannan, kuma har yau bakinmu bai daina maimaitawa ba. Amma bod mai ramin PCIe irin naka, wanda ya fito a 2012, da kansa yake duba ramin a duk kunnawa. In ya tarar da kati sai ya miƙa masa aiki.

Yanzu ga hanyoyin biyu.

BIOS yana aiki ne tun kafin Windows ta farka. Shi ne mai gadin ƙofa, shi ke yanke wa zai fara nuna hoto daga sakan ɗin da ka danna makunni. Device Manager kuwa a cikin gida yake, ba ya da ta cewa sai Windows ta gama lodi. Wannan bambancin shi ne tushen duk sauran. Idan matsalarka ita ce ka kunna, fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin ko tambarin Dell bai fito ba, to Device Manager ba zai taɓa yi maka magani ba, domin matsalar ta faru tun kafin a iso wurinsa. Na ga mutane sun ɓata yini guda suna kashewa da kunnawa a can, alhali abin yana gaba da nan.

Ta fuskar sauƙi, Device Manager ya fi, wannan ba gardama. Ka danna dama a kan Start, ka buɗe shi, ka sauko kan Display adapters, ka zaɓi Intel HD, ka ce Disable. Minti ɗaya bai cika ba. Amma me ka samu? Direban Intel, wato manhajar da Windows ke sarrafa hoton da ita, kawai ka dakatar. Ɗan RAM ɗin da BIOS ya yanka wa hoton tun wurin tashi yana nan a yanke, bai dawo maka ba. In kuma ka yi haka alhali monita na rataye a bod, Windows za ta koma kan direbanta na rufin asiri, Microsoft Basic Display Adapter, rubutu ya kumbura, komai ya riƙa ja. Wani lokaci ma fuskar ta ɗauke, sai ka bi ta Safe Mode, wato tayar da Windows a yanayin gyara, ka dawo da abin da ka kashe. Wani abin kuma, a yawancin kwamfutoci da zarar kati ya shiga Intel HD ɗin ɓacewa yake daga jerin gaba ɗaya, ka je kashewa ka tarar babu abin kashewa.

BIOS ya fi wuyar shiga ga wanda bai saba ba, amma shi ne ke yin aikin na gaskiya. A Dell F2 ake dannawa da zarar an kunna, HP kuma F10, Lenovo ThinkCentre F1, bod irin na Asus da Gigabyte da MSI maɓallin Delete. A Dell ka nemi sashen Video. Gwargwadon samfuri, za ka ga Primary Display ko Multi-Display. A sauran bod sunayen sukan zo da IGD ko iGPU, wato na cikin furosesa, da PEG ko PCIe, wato katinka. Ka lura da kyau, abu biyu ne a nan waɗanda mutane ke haɗawa. Ɗaya shi ne ka ce kati ne zai fara nuna hoto. Ɗayan shi ne ka kashe na cikin furosesa ɗungurungum. Na farkon ba ya da wani haɗari sosai. Na biyun shi ne wanda nake tsorata mutane a kansa, kuma kwamfutocin ofis da yawa ma ba su ba ka wannan zaɓin ba.

Inda hanyoyin suka fi nisa da juna shi ne ranar da abu ya lalace. Kuskuren Device Manager a cikin Windows ake gyara shi, ba ka buɗe akwati. Kuskuren BIOS kuwa kan iya barin ka ba ka ganin komai, har shafin da za ka koma ka warware abin da ka ɗaura. Ni kaina ya taɓa samuna shekarun baya a shago. Wani bawan Allah mai ɗakin hoto a Tudun Wada ya kawo kwamfuta da katin da ya sayo na hannu. Na yi gaggawa na kashe na bod a BIOS, na sa katin, ashe katin matacce ne. Na cire shi na mayar da waya bod, shiru. Garin neman gira na kusa rasa ido. Abin da ya fisshe ni shi ne na zare wuta, na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod, CR2032, na jira 'yan mintoci na mayar, BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani.

To amma cire batirin nan ma yana da tasa wutsiyar, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. Ba saitin hoto kaɗai yake gogewa ba, duka yake sharewa. Kwanan wata zai koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa har sai ka gyara agogo. Wanda ya fi wannan ciwo, saitin SATA, wato yadda bod ke magana da faifan ajiya, na iya juyawa tsakanin AHCI da RAID, ko tsarin tashi ya juya tsakanin Legacy da UEFI. Windows da aka ɗora a kan ɗaya ba za ta tashi a kan ɗayan ba, sai ta watso maka shuɗin allo ko kwamfutar ta ce ba ta ga faifan tashi ba, kai kuma ka ɗauka faifanka ya ƙone da duk zanen da ka kwana kana yi. Bai ƙone ba, saiti ne kawai za a mayar. Saboda haka duk wanda zai taɓa BIOS, ya ɗauki wayarsa ya ɗauki hoton shafukan tun kafin ya canza ko harafi ɗaya. Kuma kada ka yi wannan aiki a lokacin da wuta ke wasa ko janareta na tari.

Akwai ta uku da babu wanda ya ambata a amsoshin, kuma ita nake so ka bi: ka bar saitin hoton BIOS a Auto, wato ya zaɓa da kansa. Ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta, ka danne makunni na 'yan daƙiƙu, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka ɗauki katin, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi. Ka hure ƙurar ramin, don ƙurar Zariya kaɗai ta isa ta hana kati zama. Ka danna shi cikin dogon ramin da ya fi kusa da furosesa har makullin ya kama. Sannan, kuma wannan ne ainihin maganar, ka cire wayar monita daga ramin bod na sama ka mayar da ita jikin katin a ƙasa. Mafi yawan waɗanda suka zo mini da kukan sabon kati ba ya aiki, na zagaya bayan akwati na tarar waya na nan inda take tun da. Bayan ya tashi sai ka sauke direba daga shafin Nvidia. Direban Intel ba sai ka goge shi ba, ba sa faɗa da juna. Goge tsohon direba na zama dole ne in kana sauya kati daga AMD zuwa Nvidia ko akasin haka, a nan ne ake amfani da manhajar goge direba mai suna DDU.

Sai in ka yi duk wannan hoto bai fito ba, sannan ka mayar da waya bod, ka shiga BIOS, ka sa kati a matsayin na farko. Ko a nan ɗin zaɓi kawai za ka sauya, ba kashewa ba.

Me ya sa nake kare na cikin furosesa haka? Domin shi ne safayarka. Katin hannu ka saya, ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Ranar da ya tsaya ana saura kwana biyu ka miƙa aiki, cire shi kawai za ka yi ka mayar da waya sama, ka ci gaba ko da a hankali ne. Ribar kashe shi kuwa ɗan RAM ne da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa megabait 32 ko 64. Masu haɗa bidiyon biki da furosesar Intel ta baya-bayan nan suna da ƙarin dalili, domin Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo da Intel ta fara sawa tun 2011, a cikinsa yake zaune, kuma manhajojin bidiyo irin Premiere da OBS na amfana da shi. Kai dai wannan bai dame ka ba, NVENC, irin wannan sashen da ke cikin katinka, ya fi na i5-3470 nesa ba kusa ba.

Masu laftof, don Allah wannan magana ba taku ba ce, kada ku kashe Intel ɗinku. A yawancinsu ta cikinsa hoton ke bi ya isa fuska ko da akwai Nvidia a ciki. Masu furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, irin i5-9400F, ba ku da abin kashewa tun asali.

Abu biyu suka rage da na fi jiye maka fiye da duk zancen kashewa. Na farko wuta. GTX 1050 Ti, wanda ya fito a 2016, wat 75 yake ci, daidai abin da ramin PCIe ke iya bayarwa, shi ya sa yawancinsu ba sa neman ƙarin waya. Amma wasu samfuran suna da ramin fil 6 a gefe, kuma in naka na da shi dole a ciyar da shi, fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, na kwamfutar ofis kuwa ba kasafai yake zuwa da wannan wayar ba. Nvidia ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 300, ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak ɗinka ka ga nawa aka rubuta.

Na biyu monita. In irin tsofaffin nan ne masu shuɗin kai na VGA kaɗai, ka sani katinka ba ya fitar da siginar VGA. Ramin DVI ɗinsa DVI-D ne, don haka ɗan farin adaftan nan na DVI zuwa VGA da ke ko'ina ba zai yi ba, kuma baƙin allon da zai ba ka zai sa ka zargi BIOS a banza. Abin da za ka nema a shagunan PZ ko Sabon Gari a Zariya shi ne kwanbata ta HDMI zuwa VGA mai ɗan akwati a jiki. Ka ɗauko mana hoton bayan monitarka da gefen katin da takardar fawa-fak ɗin ka turo, in duba kafin ka kwance ko noti ɗaya.