Zangon karatu ɗaya na koyon aikin jarida a Aarhus: abin da na samu

Tun da na dawo, ƙannena na sashen koyon aikin jarida ke tare ni da tambaya ɗaya: Yaya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Na yi zango guda, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, a wata makaranta da ke Aarhus, birni na biyu mafi girma a ƙasar Denmak. Amsata ita ce ta biya, amma akwai abubuwan da na so a ce wani ya gaya mini tun kafin in hau jirgi.

Mu kusan ashirin ne a ajin, daga Sifaniya, Kanada, Koriya ta Kudu, Kenya da wasu ƙasashe, kuma da Turanci ake koyarwa. A makon farko aka miƙa mana kyamara da rakoda, aka ce mu fita gari mu dawo da labari kafin ƙarfe huɗu. A gida na shekara uku ina haddace ra'o'in masana sadarwa, amma sau nawa na riƙe kyamara? Bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A can kuwa kowane mako sai ka haɗa rahoto, a haska shi a bango, abokan karatunka su yi masa filla-filla a gabanka. Me ya sa ka fara da wannan hoton? Ina muryar wanda ake zargi? Wa ya ba ka wannan adadin? Da farko abin yana da ciwo. Daga baya na lura hannuna ya faɗa, kuma tun ina wurin ɗaukar rahoto nake jin tambayoyin nan a kunnena. Wannan shi ne babban abin da na samo, kuma shi kaɗai ma ya isa a yi tafiyar dominsa.

Malamai da sunansu na yanka ake kiransu, ba Dakta ba Farfesa. Ni da na tashi ina rusunawa in gaida malami, sai da na yi kusan wata guda kafin bakina ya saba. Amma na ga amfaninsa, domin ɗalibi yana iya cewa bai yarda ba, a saurare shi.

Rahoton da na fi alfahari da shi na yi shi ne a kan 'yan kasuwar Bazar Vest da ke unguwar Gellerup, inda baƙi daga Gabas ta Tsakiya da Somaliya suka fi yawa. Na kira ofishin hukumar birni ina neman bayani, kafin yamma jami'in ya kira ni da kansa. Dokar ƙasar ta ba hukuma kwanakin aiki bakwai ta amsa buƙatar ganin takardu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dokar 'yancin samun bayanai ta Najeriya ta 2011 ita ma kwana bakwai ta ce. A nan ne kuma na ga raunin kwas ɗin. An gina shi ne a kan ƙasar da jami'i ke ɗaukar waya. Ba a koya mana yadda za ka yi idan an yi ta ce maka oga ya fita ba, ko yadda za ka kare wanda ya ba ka labari alhali ransa na cikin haɗari. Ni da abokiyar karatuna 'yar Kenya mun sha tayar da wannan magana. An saurare mu da kyau, amma amsar sai mu muka nemo wa kanmu.

Ranar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce ranar da aka tattauna zanen ɓatancin da jaridar Jyllands-Posten ta buga a ranar 30 ga Satumba 2005. Hedikwatar jaridar a Aarhus ɗin take. Yawancin 'yan ajin a matsayin darasin 'yancin faɗin albarkacin baki suka san batun. Ni kuwa na san shi a matsayin cin zarafin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kuma na san an rasa rayuka a Maiduguri a watan Fabrairu 2006 a tarzomar da ta biyo baya. Na faɗi haka muryata na rawa. Malamar ba ta katse ni ba, kuma ba ta bari a mayar da ni abin kallo ba. Ba mu tashi da ra'ayi ɗaya ba, amma wasu sun same ni bayan aji suna tambaya da gaske. Mun kuma taɓo dokar da majalisar ƙasar ta zartar a Disamba 2023, wadda ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani da aka yi.

Mun kuma yi darasi a kan salon da Ulrik Haagerup, tsohon shugaban sashen labarai na gidan rediyo da talabijin na ƙasar, ya kafa wa cibiya a Aarhus a 2017: kada ɗan jarida ya tsaya a kan matsala, ya tambayi mafita da wanda ya taɓa gwada ta. Na so shi ƙwarai, musamman da na tuna labaran ambaliya da na yaran da ba sa zuwa makaranta. Tsorona ɗaya, a wurinmu ana iya fakewa da shi a koma bambaɗanci ga masu mulki.

Sai batun aljihu. Rayuwar can da tsada take, haya ce ke cinye mafi yawan kuɗin. Ɗan ƙasar da ba ta cikin Tarayyar Turai yana biyan kuɗin makaranta, sai dai idan ta hanyar musayar ɗalibai ya je. Ni tallafi na samu, kuma ba zan ba kowa shawarar ya sayar da gonar gado ya tafi zango ɗaya ba. Ka sayi keke na hannu, ka riƙa girki da kanka. Naman halal yana nan a Bazar Vest. Takardar izinin zama kuma a fara nemanta da wuri.

Sanyi ana maganinsa da tufafi, duhu ne ya fi wahalar da ni. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aji suke faɗowa, sai da na yi magana aka nuna mini wani ɗaki da nake sallah. Harshe ma shinge ne: kusan kowa na jin Turanci, amma jaridu da takardun hukuma da harshen ƙasar suke, don haka akwai labaran da na hango na bari.

Makon jiya na rubuta buƙatata ta farko a ƙarƙashin dokar 2011, ina neman bayanin kuɗin gyaran wata makarantar firamare a unguwarmu. Na kai da hannuna, na sa an buga mini hatimi a kwafina. Yau kwana biyar ke nan.