Daga Njamena zuwa Jidda: wace hanya za ka saya wa tsohuwarka?

Idan jirgi ya tashi daga filin Hassan Djamous na Njamena ya miƙe sak zuwa Jidda, tafiyar kusan kilomita 2,800 ce, wajen awa huɗu a sama. Sai dai in ba lokacin aikin Hajji ba, mai zuwa Umra yakan yada zango ne a wata ƙasa, ya canja jirgi. A nan zaɓin yake, kuma mutanenmu na Kusuri da Marwa a Kamaru, masu tsallako gadar Ngeli su hau a Njamena, su ma abin ya shafe su.

Ta Alƙahira, da EgyptAir, jimillar ba ta kai kilomita 4,000 ba. Ta Addis Ababa, da Ethiopian Airlines, ta ɗan haura 4,000. Ta Istanbul kuwa, da Turkish Airlines, ana dosar 6,000: ka nausa arewa can, sannan ka sake gangarowa. Ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya sa jirage da yawa kauce wa sararin samaniyarta, tafiya ta ƙara tsawo.

Ni dai ba kilomita nake fara dubawa ba, awannin jira nake ƙirgawa. Na taɓa saya wa mahaifiyata tikiti mai rahusa, ban lura da tsawon zangon ba. Muka kwana kan kujerun ƙarfe a wani filin jirgi, ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ta ce min, "Ɗan nan, a haka zan yi ɗawafi?" Har yau maganar tana sukata. Matashi mai ƙarfi a jika zai iya bin Istanbul in kuɗin ya fi sauƙi. Dattijo kuwa a nema masa zangon awa biyu zuwa huɗu, a kuma roƙi keken guragu tun wajen yankan tikiti.

Sai batun harami. Wanda ya biyo ta Addis yana wucewa daura da miƙatin Yalamlam, na Alƙahira kuma daura da Juhfa, duk a cikin iska. Gara namiji ya ɗaura zannuwansa tun a filin zango, don banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi. Saboda haka kada haramin ya shiga babbar jaka, a riƙe shi a ta hannu.

Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa kilo nawa aka yarje maka, kuma ko galan ɗin Zamzam mai lita 5 yana ciki ko daban yake. A tabbatar duk tafiyar a tikiti ɗaya take, kayanka su wuce kai tsaye. Lokutan da aka rubuta a tikiti kuwa agogon kowane gari ne. Jidda tana gaban Njamena da awa biyu.