Hattara da mai tallar filastar leda ta jabu a Jos

Naira 46,000 wannan mutumin mai talla a WhatsApp ya karɓa a wurina, kwali biyu na filastar nan mai kamar leda da ake ganin ciwo ta cikinta, wadda aka fi sani da Tegaderm ko Opsite. Mai santimita 10 da 12, guda 50 a kowane kwali. Naira 46,000, ba a cire ko sisi ba, har da kuɗin direban da ya sauke kayan a tashar Bauchi Road.

Ba wai ban san kayan ba ne. Na tambaye shi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya turo hoto. Na tambayi ranar ƙarewar aiki, ya turo hoto. Sai muryarsa: "Sista, ragowar kayan asibiti ne daga Abuja, wallahi ke kaɗai na yi wa wannan farashin." Wannan "wallahi" ɗin ita ce har yanzu take min yawo a kai. Hoton kwalin gaske ya turo, abin da ya iso kuma daban.

Ta gaske siririya ce, ruwa da ƙwayoyin cuta ba sa shiga, amma gumin fata yana fita. Shi ya sa ake iya barinta har kwana 7 a kan kanular ƙarin ruwa, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, ko ɗinki busasshe, ko ƙujewa marar zurfi, ana duba wurin ba tare da an ɓare ba. Tasa kuwa leda ce kawai aka shafa wa gam. Cikin kwana ɗaya gumi ya taru a ƙasa, fata ta yi fari ta yamutse kamar hannun da ya daɗe a wanki, gefen ya yi ja yana ƙaiƙayi. Allah ya sa a damtsen lafiyayye aka gwada, ba a jikin mara lafiya ba. Wajen cirewa kuma, ta gaske ana ɗaga kusurwa ne a ja ta a kwance daidai da fata, sai ta miƙe ta saki da kanta. Wannan yagewa ta yi, ta bar danƙo baƙi-baƙi.

Tun kafin gwajin ma, a daren da aka buɗe kwalin, akwai alama. Bakin wasu fakitin a karkace yake, an liƙe da hannu, guda 6 ma a buɗe suke. Fakitin da ya buɗe ba shi da sauran tsabtar da za a ɗora a kan rauni. Ranar ƙarewar kuma 'yar takarda ce aka manna, da aka kankare ta babu komai a ƙasa, ba lambar rukuni, ba komai. Na kira shi a daren bai ɗauka ba. Kai, ya ɗauka sau ɗaya ya ce yana masallaci, washegari ya toshe ni. Kuma shi ne ya riƙa matsa min na tura kafin mota ta tashi, naira 46,000.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da na fakitin duk suna nan, zan saka su, kuma kwalayen zan kai ofishin NAFDAC.

Kada ku saya a WhatsApp, ku je kemis mai rajista ku riƙe fakitin a hannu. Ko ta gaske ce, ba a sa ta a ciwo mai mugunya, ko mai zubar ruwa da yawa, ko ƙuna mai zurfi. A wanke da ruwan gishirin asibiti, fatar gefe ta bushe sarai, ba man shafawa, a bar aƙalla santimita 3 ta zarce ciwon ta kowane gefe, kuma kada a ja ta wajen mannawa, bororo take tayarwa. Wanda ya riga ya saya a hannun mutumin nan ya cire ta yau, ya nuna wa ma'aikacin lafiya wurin.