Tsaba a buhu ko katan a sito? Ni dai tsaba

Hajiya, tsakanin buhunan hatsi da katan-katan ɗin taliya da gwangwani da kika ce kin rasa wanda za ki zuba wa kuɗin ajiyar, ki sayi tsaba. Gero, dawa, wake. Duka biyun na taɓa ajiyewa. Ɗaya ya rufa mini asiri, ɗayan kuwa har yau in na tuna kuɗinsa sai na ja tsaki.

A kakar 2019 surukata ta tsaya kai da fata sai da muka sayi buhu biyu na gero da ɗaya na wake. A raina na ce tsohuwa dai ba ta rabu da tunanin rumbu ba, muna cikin birnin Kano, ga kasuwa a bakin ƙofa. Ita da kanta ta shanya su kwana uku a tsakar gida, tana ɗaukar ƙwaya tana cizawa, sai da ta ji ƙas a haƙori sannan ta yarda aka ɗura aka ɗaure. Ana nan sai ga Afrilun 2020, aka kulle Kano saboda korona, azumi kuma ya kama a ciki. Wallahi ranar da na kwance buhun waken nan sai da idona ya kawo ruwa: fes da shi, ko huda ɗaya babu, kamar jiya aka casa. Da shi muka yi ƙosai da alale har sallah, geron kuma kunun buɗa-baki da furar sahur. Ranar da mai injin unguwa bai buɗe ba muka jawo turmi, ni da rabona da taɓarya tun ina gidanmu. Maƙwabta biyu ma sun samu kwano-kwano. Tun daga nan ban ƙara musu da baiwar Allahn nan a kan abinci ba.

Buhun PICS muka yi amfani da shi, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, tun asali saboda wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da suka shigo da hatsin su ne za su shanye sauran iskar su mutu, ba ruwanki da magani. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100. Sharaɗinsa hatsin ya bushe sosai, in ba haka ba fumfuna kika ɗaure wa baki. Ki ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango, ki kuma tsare shi daga ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiban na tuwon dare. Na cin wata ki ware shi daban. Jarka mai lita 25 ma tana yi, in an cika ta har wuya an toshe bakin da kyau.

Kuma tsaba na ce, ba gari ba. Gero yana da maiƙo, da an niƙa shi kwanaki kaɗan zai fara ɗaci.

Katan kuwa, to, yana da saurin dahuwa, ba zan hana shi wannan ba. Bayan wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 tsoro ya sa na jibge su. Taliyar yara ko sati uku ba ta yi ba, tunda sun san inda take. Garin tuwo na leda ya yi ƙwari kafin damina ta yi nisa, gwangwanin tumatir biyu suka kumbura na zubar. Shinkafa ban saka ta a wannan layin ba, tana jure ajiya in ta samu wuri busasshe, tsada ce kawai matsalarta.

Wuri ɗaya ne buhu ba zai yi miki rana ba: in barin gidan ya kama. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri a Satumban 2024, ai ba mai saɓa buhun gero ya gudu. Amma ko a nan ba taliya zan ce ba, don ita ma sai da wuta da tukunya. Ki haɗa 'yar jaka da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari da dabino, ki riƙa sabunta ta.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu algus. Akwai mai zuba sabon hatsi a bakin buhu, tsohon bara mai gari-gari a ƙasa. Ki sa a soka buhun sama da tsakiya da gindi, ko a juye a gabanki. Akwai mai kwanon da aka doke gindinsa ya shige ciki, don haka ki je da naki. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne waken da aka yi wa wanka da fiya-fiya don kada ya yi ƙwari. Ba ƙaramin abu ba ne, a kan irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ki damƙa ki shinshina, in kin ji warin magani ko hancinki ya yi yaji, ki wuce ko da rabin kuɗi ya bar miki. Buhun PICS ɗin ma akwai jabu mai leda shara-shara. Ki hura masa iska ki riƙe bakin, ki danna, ki ga ko zai sace. Masu katan kuma wasu goge ranar lalacewa suke yi su buga sabuwa.

In gidanku bai wuce mutum shida zuwa takwas ba, ki fara da gero buhu biyu, dawa ɗaya, wake ɗaya. Masara ta fi saurin kama ƙwari da fumfuna, ni ba na ajiye ta da yawa. Ki haɗa da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗa, barkono da gishiri, don tuwo ba ya tafiya gaya. Mai kuma kada ki tara na fiye da 'yan watanni, yana sauya wari. Ki jira Nuwamba zuwa Janairu lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa, ba Yuli da Agusta ba da farashi ke kai ƙololuwa. In kasuwar hatsi ta Dawanau za a je, ki tura wanda ya san hatsi da ido, ba ɗan aike kawai ba. Ki rubuta watan da aka ɗaure a jikin kowane buhu, in wata kakar ta zagayo ku kwance tsohon ku ci, ki mayar da sabo a gurbinsa.